Wuta nawa ce a cikin iskar yanki? Yadda ake lissafin, da inda yake yaudara

A shekarar 2020 hukumar IFC, wadda reshe ce ta Bankin Duniya, ta fitar da wani nazari da ya ce iskar da ke kaɗawa a doron Afirka za ta iya ɗaukar injinan lantarki da ƙarfinsu ya haura gigawat 59,000 (gigawat ɗaya megawat dubu ne). Ga ɗan Najeriya, wanda babban layin ƙasarsa ke fama da kai wa jama'a megawat 5,000, wannan adadi ya ninka abin da ya sani fiye da sau dubu goma. Sai dai babu wanda ya bi Afirka taku-taku da ma'auni a hannu. Adadin ya fito ne daga sarƙar lissafi mai gaɓoɓi da yawa, kowace gaɓa da zaton da aka ɗora ta a kai, kuma irin wannan sarƙa ce ake bi ko da jiha ɗaya ko tudu ɗaya ake son a san ƙarfin iskarsa. Wanda ya san gaɓoɓin zai iya bambance adadin da za a zuba kuɗi a kansa da wanda amfaninsa bai wuce kanun labarai ba.

Matsakaicin gudu ba ya faɗin gaskiya duka

Tushen wahalar duka guda ne: ƙarfin da ke cikin iska ba ya tafiya daidai da gudunta. Idan gudu ya ninka sau 2, ƙarfi sau 8 yake ninkawa. Dalili kuwa, iskar da ke ratsa fukafukan inji a kowane sakan ta ninka sau 2, sannan ƙarfin bugun kowane kilo nata ya ninka sau 4. Saboda haka a lissafi ana ninka gudun ne sau uku a kansa, a ninka da nauyin iskar, a raba biyu, sai a sami wat nawa ke ratsa kowace murabba'in mita.

Mu ɗauki wurare biyu, kowanne matsakaicin gudun iskarsa mita 5 a sakan, wato kilomita 18 a awa. A na farko iskar ba ta ƙaruwa ba ta raguwa, kullum 5 ce. Biyar sau biyar sau biyar, 125. A na biyu rabin lokaci mita 2 take yi, rabin lokaci mita 8. Na 2 ya ba da 8, na 8 ya ba da 512, matsakaicinsu 260. Ga shi matsakaicin gudu ɗaya ne, amma wuri na biyu ya ninka na farko ƙarfi: kusan wat 159 a murabba'in mita, shi kuwa na farko wat 77. Don haka duk wanda ya ce maka matsakaicin gudun iskar gari kaza mita kaza ne, ya tsaya a nan, rabin magana ya faɗa. Abin da ake bukata shi ne a san awa nawa a shekara iskar take yi a kowane gudu.

Wannan ninki ne kuma ya sa ɗan kuskure a awo yake zama babban kuskure a sakamako. Ƙarin kashi 10 cikin 100 a gudu ƙarin kashi 33 ne a ƙarfin iska. A wutar da inji zai fitar abin bai kai haka ba, amma a wuraren da iskarsu ba ta da yawa yakan kai kashi 20 ko ya ɗara.

Layin Weibull

Ma'aunin iska na zamani, mai kofuna uku da ke juyawa a kan sanda, yana ajiye matsakaicin kowane minti 10. A shekara layi 52,560 ke nan. Ana zuba su aji-aji: daga 0 zuwa 1, daga 1 zuwa 2, haka har sama. Idan aka zana su, siffar kusan kullum iri ɗaya ce: ta tashi da sauri daga hagu, ta yi tozo a tsakiya, sannan ta ja doguwar jela zuwa dama inda iska mai ƙarfi take, wadda ba ta cika zuwa ba amma ita ke ɗauke da kaso mai tsoka na wutar.

Akwai wani layin lissafi da ya dace da wannan siffa, wanda ake kira da sunan injiniya ɗan Suwidin, Waloddi Weibull. A 1951 ya wallafa bayaninsa da ya shahara, kuma ba don iska ya yi shi ba, ƙarfin ƙarfe da sauran kayan aiki kafin su karye ne ya fi damunsa. Daɗinsa shi ne lamba biyu kacal yake bukata. Ta farko, c, tana nuna girman gudun gaba ɗaya, kuma takan ɗan ɗara matsakaici. Ta biyu, k, tana nuna ko iskar mai natsuwa ce ko mai sauye-sauye. Idan k ta yi girma, iskar na tsayawa kusa da matsakaicinta. Idan ta yi ƙasa, yau tsit gobe guguwa. Ga tasirinta a fili: idan k 3 ce, ainihin ƙarfin iskar ya ninka wanda za a samu daga matsakaici kaɗai sau 1.4. Idan 2 ce, sau 1.91. Idan 1.5 ce, sau 2.7. Kamfanonin da ke ƙera injina sukan ɗauki k a matsayin 2 idan za su tallata abin da injinsu zai bayar, saboda iskar arewacin Turai kusa da haka take.

Hanyoyin fitar da k da c daga alƙaluma suna da yawa. Akwai ta zane, inda ake miƙar da lanƙwasar ta zama miƙaƙƙen layi a karanta karkatarsa. Akwai ta matsakaici da tazarar warwatsuwa, har da ɗan gajeren lissafin da wani masani mai suna Justus da abokan aikinsa suka kawo a 1978, wanda ko a bayan ambulan za a iya yi. Akwai wadda kwamfuta ke laluben k da c ɗin da suka fi yiwuwa su haifar da alƙaluman da aka gani. Akwai kuma ta mutanen Denmark, wadda ba ta damu da ƙananan gudu ba, burinta kawai jimillar ƙarfin ta fito daidai. A ganina wannan ta ƙarshe ta fi hankali idan wuta ake nema, domin dacewar layi a wajen mita 1 da 2 ba ta kunna ƙwai ko ɗaya.

A nan ne nake da ja da yawancin takardun bincike da ake rubutawa kan iskar garuruwanmu. Za ka ga an ɗauko alƙaluman tashar yanayi ta filin jirgin Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, an gwada hanyoyi shida ko takwas na fitar da k da c, an jera su a tebur har lamba huɗu bayan ɗigo, an naɗa wa ɗaya sarauta. Alhali bambancin da ke tsakanin hanyoyin ƙarami ne ƙwarai idan aka kwatanta da aibin da ke cikin alƙaluman kansu. Mafi muni shi ne idan matsakaicin wata-wata aka yi amfani da shi. Matsakaicin wata ya riga ya shafe duk hawa da saukar da ke cikin watan, sai k ta kumbura ta nuna iska mai natsuwar da babu ita, ƙarfin kuma ya fito ƙasa da gaskiya. Ƙwarewar lissafi ba ta dawo da abin da aka zubar tun a wurin tattarawa.

Shi kansa layin Weibull ba ko'ina yake shiga ba. Bai san iska ta ɗauke ɗif ba, don haka sai an cire awannin tsit an lissafa su daban. Kuma tozo ɗaya gare shi. A La Ventosa da ke jihar Oaxaca ta Meziko, inda iska ke ratsa wata ƙofa tsakanin duwatsu, an nuna cewa tozo biyu siffar take da shi, sai an haɗa layi biyu. Yankin Sahel ma iska biyu ke mulkinsa, ta hunturu daga arewa maso gabas, da ta damina daga kudu maso yamma, da lokacin sanyin jiki a tsakaninsu wajen kaka. Cusa su duka a layi ɗaya na shekara ganganci ne. Abin da ya dace shi ne a raba da yanayi, a kuma raba da fuskar da iskar ke fitowa, kamar yadda aka saba raba da'ira gida 12, kowane gida digiri 30 da k da c nasa.

Daga mita 10 zuwa mita 100

Ƙa'idar hukumar yanayi ta duniya ita ce a auna iska a tsayin mita 10. Cibiyar fukafukan injinan zamani kuwa tana mita 100 ko fiye. Ko ƙananan injinan Lambar Rimi a Katsina, guda 37 masu kilowat 275 kowanne na kamfanin Vergnet na Faransa, a kan turaku masu mita 55 suke. Dole ke nan a ɗaga awon daga ƙasa zuwa sama da lissafi, kuma wannan ce gaɓar da ta fi kowace rauni.

Iska na ƙara gudu gwargwadon nisanta daga ƙasa, saboda itatuwa da gidaje da ciyayi suna riƙe ta. Akwai lambar da ke nuna saurin wannan ƙari, kuma littattafai sun saba sa ta ɗaya bisa bakwai, kusan 0.14. Da ita, mita 4 a tsayin mita 10 za ta zama 5.6 a tsayin mita 100. Amma idan ainihin lambar wurin 0.25 ce, 7.1 za ta zama. Ninka kowanne sau uku a kansa ka ga: na biyu ya ninka na farko ƙarfi har da ɗoriya. Da lissafin farko wurin ba shi da amfani, da na biyu wuri ne da banki zai saurara. Alƙaluman ƙasa ɗaya ne, zato kawai aka sauya.

A Sahel kuwa lambar ba ta ma tsayawa wuri ɗaya tsakanin dare da rana. Da rana ƙasa ta yi zafi, iska na ta tafasa tana cakuɗa sama da ƙasa, sai gudun mita 10 da na mita 100 su yi kusa da juna. Da rana ta faɗi, musamman a rani da sararin sama ke tas, ƙasa ta huce da sauri, iska mai sanyi da nauyi ta kwanta a kanta. Ta saman sai ta rabu da riƙon ƙasa ta zabura, ta zama wani kogin iska mai gudu 'yan ɗaruruwan mita sama da kawunanmu, alhali a tsakar gida ko ganye ba ya motsi. Da hantsi ya yi, zafi ya fasa wancan rufi, gudun saman ya sauko ƙasa gaba ɗaya. Shi ne iskar da ke tashi da ƙura wajen ƙarfe 9 zuwa 10 na safe a hunturu, wadda masu sheƙar hatsi ke jira da ƙwarya a hannu. Ita ce kuma ke ɗebo ƙurar kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta watsa mana ita hazo.

Ma'anar wannan ga mai lissafi babba ce. Ma'aunin filin jirgi zai ce iska ta fi ƙarfi da hantsi, ta mutu da dare. A tsayin inji kuwa abin na iya zama akasin haka. Wanda ya ɗaga alƙaluman ƙasa da ɗaya bisa bakwai ya rage ƙarfin, ya kuma juya agogon. Agogon kuwa kuɗi ne, domin wutar da ke zuwa da dare, lokacin da farantan sola suka yi barci, ta fi daraja. Maganin abin ba wani sabon lissafi ba ne. A kafa turken awo mai mita 60 zuwa 100, irin na sabis ɗin waya amma siriri, a jera ma'aunai a tsayi uku ko huɗu, ko a ajiye na'urar lidar mai harba hasken leza sama tana karanta gudun ƙurar da iska ke ɗauke da ita.

Nauyin iska ma sai an gyara, amma wannan mai sauƙi ne. Alƙaluman kamfanoni na kan kilo 1.225 a kowace mita kyubik (mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi), wato iskar bakin teku a zafin digiri 15. A Katsina, mai tsayin kusan mita 500 daga teku, ranar da zafi ya kai digiri 35 nauyin bai wuce 1.08 ba, ragin kashi 12 ke nan. A saman tudun Jos tsayin ne ke cin nasa kason.

Shekara ɗaya ba ta isa shaida ba

A ce an kafa turke an yi awon shekara cur. Wa ya ce shekarar ba ta fi sauran iska ba, ko ba ta gaza su ba? Wanda ya sayi gona saboda ya ga amfanin damina ɗaya mai albarka, bai tambayi dattawan garin yadda sauran shekaru suke ba, shi ya jiyo. Injin iska shekara 20 zuwa 25 ake sa ran zai yi, kuma masu wannan sana'a sun daɗe suna ɗaukar cewa matsakaicin gudun shekara na iya kaucewa da kusan kashi 6 sama ko ƙasa.

Hanyar da ake bi matakai uku ce: a auna, a danganta, a hasasho. Ana neman wata majiya mai dogon tarihi, a jera alƙalumanta da na turken a watannin da suka yi tarayya, a fitar da dangantakarsu. Mafi sauƙi miƙaƙƙen layi ne: duk sa'ad da majiya ta ce kaza, turke kan ce kaza. Sai a ɗauki wannan dangantaka a shafa ta a kan shekara 20 na majiyar, a sami tarihin da turken zai bayar da a ce yana tsaye tun lokacin. Akwai tarko a nan da ya kama mutane da yawa. Miƙaƙƙen layi na yau da kullum yana matse warwatsuwar alƙaluma zuwa tsakiya, kuma mun riga mun ga cewa a warwatsuwar ƙarfin yake. Shi ya sa ake da gyararriyar hanya mai tilasta wa hasashen ya riƙe faɗin warwatsuwar da aka gani a turke, da wata mai yin teburin yiwuwa aji-aji, fuska-fuska.

Wace majiya? Da tashoshin yanayi ake amfani, amma suna da nasu ciwo. Tashar da aka kafa a fili shekara 40 da suka wuce yau gari ya cim mata, darbejiya ta girma a gefenta, sai alƙaluma su nuna iska na raguwa alhali gini ne ya ƙaru. Ƙura na shiga ƙafar ma'auni ta sa shi nauyin juyawa. An sauya na'ura ko an matsar da ita ba a rubuta ba. Wani wurin ma ba a karatu da dare. Saboda haka yanzu an fi komawa ga tarihin yanayi da kwamfuta ta sake ginawa daga bayanan tauraron ɗan'adam da balan-balan da jirage da tashoshi. Biyu suka fi shahara: MERRA-2 na hukumar NASA ta Amurka, mai farawa daga 1980, da ERA5 na cibiyar hasashen yanayi ta Turai, mai bayar da awa-awa tun daga 1940 bayan an raba taswirar duniya gida-gida, kowane gida mai faɗin kusan kilomita 31. Kyauta ake sauke su a intanet. Suna da kyau wajen nuna wace shekara ta fi wace, amma ba a yarda da ainihin gudun da suka faɗa sai an gwada da turke, balle a yankin da awon da ake ciyar da su da shi ba shi da yawa, kuma an san suna rage ƙarfin wancan kogin iska na dare.

Daga turke ɗaya zuwa yanki guda

Duk abin da ya gabata wuri ɗaya ya shafa. Yaya ake cike tsakanin tasha da tasha?

Hanya mafi arha ita ce a zana taswira ta hanyar cike gurbi: kowane wuri ya ɗauki matsakaicin tashoshin da ke kewaye da shi, mafi kusa ya fi nauyi. Wadda ta fi ta wayo ita ce wadda ta samo asali daga aikin Danie Krige, injiniyan ma'adinai na Afirka ta Kudu da ya yi ta ƙoƙarin ƙiyasta zinariya daga 'yan ramukan gwaji a farkon shekarun 1950, Bafaranshe Georges Matheron kuma ya ɗora ta a kan ƙa'idar lissafi. Ita tana fara koyon yadda kamanni ke raguwa da nisa daga alƙaluman kansu, sannan ta ba da ƙiyasi tare da girman kuskurensa a kowane wuri. Taswirorin da ke fitowa suna da kyan gani, launi na narkewa cikin launi. Amma iska ba ta narkewa haka. Kan tudu da gindinsa, tazarar kilomita 2, na iya bambanta fiye da garuruwa biyu masu nisan kilomita 300. Kuma tashoshin a filayen jirgi suke, waɗanda da gangan ake gina su a shimfiɗaɗɗen wuri. Babu yadda za a yi cike gurbi tsakanin filayen jirgi biyu ya gano tudun da ke tsakaninsu.

Masana a cibiyar Risø ta Denmark ne suka kawo mafita, wadda suka gina taswirar iskar Turai ta 1989 a kanta, da manhajarsu WAsP. Dabarar hawa da sauka ce. A ɗauki alƙaluman tasha, a cire musu tasirin abin da ke kewaye da ita, ginin da ya tare ta, kaushin ƙasar, tudu ko kwarin da take kai, har a sami iskar yankin tsantsa kamar a ce ƙasar shimfiɗe take sumul. Sannan a tafi wurin da ake so a mayar da tasirin nasa tudun da nasa kaushin. A yau ana farawa ne daga ERA5, a sa manhajar hasashen yanayi ta tace shi zuwa gidaje na 'yan kilomita, sannan a sauko da shi ƙasa da waccan dabara. Haka aka yi taswirar Global Wind Atlas ta jami'ar fasaha ta Denmark da Bankin Duniya, wadda kowa zai iya buɗewa a wayarsa ya ga ƙiyasin kowace mita 250.

Ƙanƙantar gidajen ba ado ba ce. Idan gida ɗaya ya haɗe tudu da kwari ya ba da matsakaicinsu, ya ɓoye tudun, alhali babu mai kafa inji a kwari. Shi ya sa taswirar ke nuna matsakaicin kashi 10 mafi iska na kowane yanki, ba na yankin duka ba. Sai dai kyan taswira ba shaida ba ne. Ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske sun gwada ta da ƙarfe a ƙasa. Masar ta yi shekaru tana awo tare da mutanen Risø kafin ta fitar da taswirarta a tsakiyar shekarun 2000, kuma gabar Suwez inda awon ya nuna iska nan ne gonakin injinan iska na Zafarana da Jabal al-Zait suke. Afirka ta Kudu ta fara nata aikin a 2009 da turaku 10 masu kusan mita 60, ta kuma saki alƙaluman ga kowa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Daga iska zuwa wuta, daga wuta zuwa bashi

Inji ba ya kwashe duk ƙarfin iska. Bajamushe Albert Betz ya nuna tun wajen 1920 cewa iyakar abin da zai yiwu kashi 59.3 ne. Kowane inji kuma da jadawalinsa: ba ya fara aiki sai gudu ya kai mita 3 ko 4, yana cika ƙarfinsa wajen 11 zuwa 13, daga nan ba ya ƙarawa, a wajen 25 kuma ya tsaya don kada ya karye. Ana ɗaukar awannin kowane aji a ninka da abin da jadawalin ya ce, a tara. A cire asarar injinan da ke bayan wasu suna shan ragowar iska, da ta waya, da ta kwanakin gyara, da ta ƙurar da ke manne wa fukafukai. Abin da ya rage a raba shi da abin da injin zai bayar da a ce ya yi awa 8,760 na shekara a cike, shi ne kason aikinsa. Gonar megawat 10 a cike za ta ba da megawat-awa 87,600. A kashi 20 kuwa 17,520. Gonar tafkin Turkana a Kenya, mai injina 365 da megawat 310, takan haura rabi, saboda iskar da ke matsewa tsakanin tsaunukan Habasha da na Kenya.

Na yanki kuwa sai a yi ta tankaɗe. A cire garuruwa, dazuzzukan gwamnati, filayen jirgi, ruwa, gangare mai tsanani, da duk inda kason aiki ya gaza wani mizani. Abin da ya saura a ninka da megawat nawa za a dasa a kowace murabba'in kilomita. Wannan lamba zaɓi ce, wani ya sa 3 wani ya sa 8, kuma ita kaɗai ta isa ta ninka sakamakon fiye da sau biyu. Irin wannan tankaɗe ne ke haifar da adadi kamar na IFC, kuma ma'anarsa abin da fasaha za ta iya ne, ba abin da aljihu ko layin wuta ko tsaro za su bari ba. Turkana ta kammala a 2017 ta zauna jiran layin fiye da kilomita 400 har 2018. Aikin Lambar Rimi ya haura shekara goma yana jan ƙafa, kuma cikin abin da ya tsayar da shi har da sace wani injiniya Bafaranshe a Disambar 2012. Babu k ko c da ke hango waɗannan.

Akwai kuma wani kuskuren tunani da ke yawan shiga lissafin yanki: wai idan an tara dubban gidaje, kuskuren wannan zai cinye na wancan. Haka ne idan kowane kuskure zaman kansa yake. Amma idan manhajar ta rage iskar dare, ta rage ta ne daga Sakkwato har Diffa lokaci guda, tarawa ba ta wanke shi.

Shi ya sa mai ba da bashi ba ya karɓar lamba ɗaya. Ana tara duk rashin tabbas ɗin, na ma'auni, na ɗagawa sama, na tsawon shekaru, na taswira, na asara, a fitar da lamba biyu. P50 ita ce wadda yiwuwar a wuce ta da yiwuwar a gaza ta daidai suke. P90 ita ce wadda ake da tabbacin kashi 90 za a kai ta, kuma a kanta banki ke yanka bashinsa. Ana samun ta ne ta ninka jimillar rashin tabbas da 1.28 a cire daga P50. Idan rashin tabbas kashi 10 ne, P90 ta gaza P50 da kashi 12.8. Idan 20 ne, da kashi 25.6.

A 2022 kamfanin Savannah Energy ya sanar da shirin gonar iska ta Tarka a jihar Tawa ta Nijar, mai ƙarfin da zai kai megawat 250. Mu ɗauki gona mai wannan girma, mu ce don misali kason aikinta kashi 30 ne, wato megawat-awa 657,000 a shekara. Da awo mai kyau a tsayin inji, rashin tabbas na kashi 10, banki zai lissafa kusan 573,000. Da taswira kaɗai da alƙaluman filin jirgi, a ce kashi 20, zai lissafa 489,000. Tazarar megawat-awa 84,000 ce duk shekara, kusan abin da injinan Lambar Rimi 37 za su bayar da a ce sun shekara suna juyawa a cike ba dare ba rana. Iskar ba ta sauya ba, injinan ba su sauya ba, turakun awo biyu ko uku da haƙurin shekara biyu ne kawai tsakanin lissafin biyu.